Taura Biyu a Baki: Tarihin Faɗa da Takubba Biyu

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama gaban akwatin talabijin ya kalli finafinan Sin, ko kuma ya leƙa irin wasannin yaƙin nan da yaranmu ke bugawa a kwamfuta da wayar hannu, ba zai rasa cin karo da wani irin jarumi ba. Shi ne wanda idan maza suka yi masa rubdugu sai ya kai hannuwansa ga kafaɗu, ya zaro takubba biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ya shiga juyi kamar guguwa, kafin ka ce kwabo ƙasa ta cika da gawawwaki. Wannan hoto ya zauna daram a zukatan mutane, har ta kai ga marubucin labarin jarumtaka, idan yana son gwarzonsa ya fi na kowa, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya ƙara masa takobi.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai jama'a iri biyu da wannan magana ta dame su ƙwarai. Na farko su ne masu raya tarihi, wato mutanen da kan sa sulke da kwalkwali a ranakun hutu, su fita fili su kwaikwayi yaƙoƙin da. Na biyu kuwa su ne masu wasan shiga rigar jarumi, waɗanda kan zauna kewaye da tebur, kowa ya ɗauki matsayin wani gwarzo na ƙage, a yi ta tafiya cikin labari. Shekara da shekaru ke nan suna muhawara a kan ko faɗa da takubba biyu abu ne mai yiwuwa, ko kuwa shaci-faɗin 'yan fim ne kawai.

A wannan maƙala za mu bi sawun maganar a cikin tarihi. Za mu ga cewa lallai an yi irin wannan faɗa, har akwai malaman da suka koyar da shi suka kuma rubuta shi, amma fagensa ƙanƙane ne. Tambayar da za mu riƙa yi a kowane zango ita ce: mene ne mutum ya ajiye kafin ya ɗauki takobi na biyu?

Aikin Hannun Hagu

Bari mu fara daga gida, inda mai karatu ya fi sani. Barden ƙasar Hausa idan ya yi shirin fita fagen fama, mashi ne a hannunsa na dama, takobinsa yana cikin kube rataye da hamila, hannun hagu kuwa yana fama da linzami da garkuwa. Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kanajeji, kimanin 1390 zuwa 1410, aka shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Idan muka lura, dukkan ukun nan kayan kare jiki ne. Dakare mai kwari da baka shi ba ma a maganarsa, domin baka ba ya ɗanuwa da hannu ɗaya, kuma 'yan baka ne suka karya lagon dawakin Gobir a Tabkin Kwatto cikin 1804. Buzaye ma, waɗanda aka san su da takobi, kan riƙe babbar garkuwar fata, sa'an nan su ɗaura wuƙa a hannu don ranar da aka kai ga kokawa. Ko a wasan dambe, hannu ɗaya ake naɗe wa kara, ɗayan kuma a miƙa shi gaba don tsaro.

Haka abin yake a sauran duniya. Sojan Rum da gajeren takobi da babbar garkuwa ya ci rabin duniyar zamaninsa. Littafin koyar da wasan takobi mafi tsufa da ya saura a Turai, wanda aka rubuta a Jamus wajejen shekarar 1300, kuma yake ajiye a gidan tarihin makamai na birnin Lids a Ingila, daga farkonsa har ƙarshe darasin takobi ne da ƙaramar garkuwa.

Ruwa ba ya tsami banza. Da farko dai, ba takobi ne ya fi kashe mutane a fagen fama ba. Kibiya ce da mashi da dutse, daga baya kuma harsashi. Faɗin takobi bai wuce yatsu uku ba, ita kuwa garkuwa tana rufe mutum daga haɓa zuwa gwiwa, kuma tana tare kibiyar da mai ita bai ma gani ba. Na biyu, yaƙi a sahu ake yin sa, kafaɗa da kafaɗa, saboda haka mai wulwula takubba biyu ɗan'uwansa na gefe zai fara sara. Na uku, takobin hannu ɗaya tsawonsa bai cika wuce mita guda ba, mashi kuwa yakan kai mita biyu ko fiye. Ko takubba goma mutum ya riƙe, ba su ƙara masa taƙi ɗaya na tsawo. Na huɗu shi ne halittar jikin ɗan'adam. Ƙarfin sara daga ƙafa da ƙugu yake tasowa, kuma ƙafa ɗaya ce ke iya zama a gaba a lokaci guda. Duk sa'ad da hannun dama ya kai sara mai nauyi, kafaɗar hagu baya take komawa. Wato saran takubba biyu ba ya zama ninki biyu na saran takobi ɗaya. Galibi bi-da-bi suke aiki, in kuwa mai su bai ƙware ba, sai su harɗe da juna.

Inda Aka Fara Ganin Su

A daular Rum akwai bayin da ake sa su faɗa a dandali don nishaɗin 'yan kallo, kuma kowane rukuni da irin makamansa. Daga cikinsu akwai wanda ake kira dimakairus, ma'ana mai takubba biyu. Ambatonsa kaɗan ne ƙwarai a rubuce: akwai wani rubutun dutse da aka samu a birnin Liyon na Faransa, akwai kuma littafin fassarar mafarki na Artemidoros, mutumin ƙarni na 2, wanda ya ce duk wanda ya yi mafarkin yana karawa da irin wannan mayaƙi, to, muguwar mace zai aura, mai yiwuwa ma mai sa guba a abinci. Abin lura shi ne a dandalin kallo aka ga mai takubba biyu, inda ba kibiya, ba sahu, kuma jini ake son gani. Rundunar da ke tsare iyakokin daular ba ta rabu da garkuwarta ba.

A tarihin da muka tashi muna ji a zaurukan karatu ma akwai misalai biyu masu amfani. Malaman sira sun ruwaito cewa Sayyidina Hamza, Allah ya yarda da shi, ya yi yaƙi da takubba biyu ranar Uhudu, a shekarar 625. An adana wannan labari ne saboda abin mamaki ne da ba kowa ke iyawa ba. Da abin yau da kullum ne, da ba wanda zai tsaya faɗa. Mun kuma san cewa babu wanda ya iya tarar sa gaba da gaba a ranar, mashi aka jefo masa daga maɓoya. Misali na biyu shi ne na Halidu ɗan Walidu, wanda takubba tara suka karye a hannunsa ranar Mu'uta, a shekarar 629. Wannan ya nuna mana dalilin da ya sa mayaƙi kan ɗauki makami fiye da ɗaya: ƙarfe yana karyewa, yana dakushewa, yana kuma suɓucewa. Ɗaukar takubba biyu daban, zare su a lokaci guda kuma daban.

Malaman Italiya da Wuƙar Hagu

Wurin da aka fi rubuta ilmin takubba biyu a Turai shi ne Italiya ta ƙarni na 16. A wancan zamani 'ya'yan manya kan yi yawo cikin gari da takobi a ƙugu, cikin tufafin ado, ba sulke ba babbar garkuwa, kuma ƙaramar magana kan kai su ga fito-na-fito. Tunda hannun hagu ya zama ba shi da aiki, sai malaman takobi suka shiga nema masa abin riƙewa: ƙaramar garkuwa, ko doguwar wuƙa, ko alkyabba a naɗe, ko kuma wani takobin. Antonio Manciolino a 1531 da Achille Marozzo a 1536, dukansu daga makarantar birnin Bolonya, sun ware babi don takubba biyu. Larabawa na cewa takubba biyu ba sa haɗuwa a kube ɗaya, amma maƙeran Italiya sun ƙaryata su, domin sun ƙera tagwayen takubba, kowanne da mariƙi shafaffe a gefe ɗaya, yadda za su manne su shiga kube guda kamar takobi ɗaya.

Sai dai malaman ba su ɓoye wahalar abin ba. Giacomo di Grassi, wanda aka buga littafinsa a Banis a 1570 aka kuma fassara shi zuwa Turanci a 1594, ya gargaɗi almajirai cewa kada wanda hagunsa bai kai damansa ƙwarewa ba ya kuskura ya dogara da wannan salo a ranar da rai ke kan gargara. Abin da ya koyar kuwa shi ne, takobi ɗaya ya tare na abokin gaba ya danne shi, ɗayan ya kai suka a daidai wannan lokaci. Ashe ke nan ko a hannun gwanaye, takobi na biyu aikin garkuwa yake yi.

Abin da ya yaɗu a titunan Turai shi ne dogon takobi a dama da wuƙa a hagu. Hikimarsa a fili take: wuƙa gajera ce, tana saurin tare sara, ba ta harɗewa da takobi, idan kuma aka matso jiki da jiki inda dogon ƙarfe ba ya juyuwa, ita ce ke gama magana. Ranar 27 ga Afrilu, 1578, wasu fadawa shida na zamanin Sarki Henri na Uku suka yi fito-na-fito a birnin Paris, uku da uku. Ɗaya daga cikinsu, Caylus, ya zo ba wuƙa, abokin karawarsa Entraguet kuwa ya zo da takobi da wuƙa. Caylus ya yi ta tare sara da hannu tsirara har ya sami raunuka 19, ya yi jinyar kwana 33 ya mutu, yana ƙorafin an cuce shi. Shi kuwa Entraguet ƙwarzane kawai ya samu. Cikin shidan nan, huɗu ne suka rasa rayukansu.

Duk da haka, wani Baturen Ingila mai suna George Silver, wanda ba ya ga-maciji da malaman Italiya, ya jera makamai bisa fifiko a littafinsa na 1599. A wurinsa mai takobi da ƙaramar garkuwa ya fi mai takobi da wuƙa, mai doguwar sanda ko mashi kuwa ya fi su duka, har yana iya tarar mutum biyu masu takobi da wuƙa. Duk wanda ya taɓa ganin makiyayi yana juya sandarsa ba zai yi saurin musa wa Silver ba. Zuwa ƙarshen ƙarni na 17 kuwa, da aka koma ga siririn takobi mara nauyi mai iya tsaro da suka shi kaɗai, wuƙar hagu ta fara ɓacewa a Faransa da Ingila, ko da yake ta daɗe a Sifen da kudancin Italiya.

Musashi da Mutanen Gabas

Idan muhawara ta yi zafi, sunan da masu goyon bayan takubba biyu ke jawowa shi ne Miyamoto Musashi na ƙasar Japan, wanda aka haifa wajejen 1584 ya rasu a 1645. Mayaƙan Japan na zamaninsa, wato samurai, kan soke takubba biyu a ɗamara, dogo da gajere. Wannan alamar daraja ce, kuma dogon akan ajiye shi a bakin ƙofa idan za a shiga gidan wani, gajeren ya bi mai shi ciki. Galibinsu dogon kaɗai suke zarewa, su riƙe shi da hannu biyu. Musashi ya kafa makarantar da ke koyar da zare duka biyun, kuma a ƙarshen rayuwarsa ya keɓe a wani kogo kusa da Kumamoto ya rubuta littafinsa mai suna Zobba Biyar, inda ya ce ya yi karawa fiye da 60 tun yana ɗan shekara 13 ba a taɓa cin sa ba.

Amma wanda ya karanta littafin a tsanake zai ga hujjarsa ta sha bamban da ta 'yan fim. Babban abin da yake so shi ne almajiri ya saba da sarrafa dogon takobi da hannu ɗaya, domin akwai lokutan da ɗayan hannun ba ya samuwa: a kan doki, ko a guje, ko cikin taɓo, ko a hanya mai duwatsu, ko kuma idan mutum na riƙe da baka ko mashi. Ya ce takubba biyu na da amfani idan mutum ɗaya ya sami kansa cikin taron maƙiya. Ya kuma yarda cewa idan sara ya ƙi shiga da hannu ɗaya, a haɗa hannu biyu. Karawarsa mafi shahara, wadda ya yi da Sasaki Kojiro a wani ɗan tsibiri cikin 1612, labarin da aka gada ya nuna da takobin katako guda ɗaya ya yi ta, dogo, wanda aka ce daga itacen tuƙa jirgi ya sassaƙa shi. Wato ranar da ya gamu da gwani mai dogon takobi, tsawo ya nema. Haka kuma a 1638, lokacin da aka kewaye 'yan tawayen Shimabara a ganuwar Hara, abin da ya ji wa wannan gwarzo ciwo a ƙafa dutse ne da aka jefo daga kan ganuwa.

Har yau dokar wasan kendo, wato wasan takobin gora na Japan, ta yarda ɗan wasa ya shiga da biyu, dogon kada ya wuce santimita 114, gajeren kuma 62, alhali mai riƙe guda ɗaya an ba shi har 120. Masu zaɓar biyun 'yan tsiraru ne. A Koriya, littafin horar da soja da aka kammala a 1790 bisa umarnin Sarki Jeongjo ya sa tagwayen takubba cikin fannoni 24 da ya tattara, har da yin su a kan doki. A kudancin Sin kuma, a ƙarni na 19, an yi amfani da wasu tagwayen wuƙaƙe masu faɗi, tsawonsu kamar kamu ɗaya, waɗanda suka dace da lungu da cikin jirgin ruwa. A nan ma abin da muka gani a Italiya ne ya maimaita kansa: inda salon ya yi tasiri, to, ko dai ɗaya daga cikin makaman gajere ne, ko duka biyun, kuma wurin matsattse ne.

Masu Raya Tarihi

Ranar 1 ga Mayu, 1966, wasu matasa a garin Berkeley na jihar Kalifoniya suka shirya gasar barade a bayan gida don raha. Daga nan aka sami ƙungiyar da aka fi sani da SCA, wadda ta bazu a Amurka da wasu ƙasashe, kuma babban taronta na shekara-shekara a jihar Pensilbaniya, da aka fara a 1972, kan tara mutane wajen dubu goma. 'Yan ƙungiyar na sa sulke na gaske, amma takubbansu na wata irin gora ce mai lanƙwasa da ake saƙa kujeru da ita. A cikinsu akwai masu faɗa da takubba biyu, kuma a gasar mutum da mutum wasunsu kan yi abin a-zo-a-gani. Wannan ne ya sa wasu ke cewa gani ya kori ji.

To, amma sai mu dubi dokokin wasan. Don gudun karaya, an hana dukan tafin hannu da yatsu, an kuma hana duka daga gwiwa zuwa ƙasa. A faɗan gaske kuwa, hannun da ke riƙe da takobi shi ne abin da ya fi kusa da abokin gaba, shi ake fara nema, kuma mai takubba biyu hannu biyu ya miƙa. Doka ta ɗauke masa wannan haɗari. Haka nan gora ba ta da kaifi, ba ta cizon 'yar'uwarta kamar yadda ƙarfe ke kama ƙarfe. Su kuwa masu wasa da takubban soso irin na katifa, salon da ya fara bunƙasa a Amurka daga 1977 da kuma Ingila daga farkon shekarun 1980, nasu ya fi nisa da gaskiya. Takobin ƙarfe na hannu ɗaya nauyinsa kilo guda ne ko ɗan fiye, na soso kuwa bai kai rabin haka ba, kuma a yawancin wasannin taɓawa kaɗan ta isa a ƙirga. Mai soso biyu sai ya yi ta kaɗa su kamar makaɗin kalangu yana tara maki. Duk da wannan rangwame, da zarar an tashi daga gasar mutum biyu an koma karon runduna da runduna, masu garkuwa da masu dogayen masu ne ke riƙe tsakiyar fili, mai takubba biyu sai dai ya bi gefe yana neman wanda ya ba da baya.

Masu kwaikwayon Yaƙin Hastings na 1066, da akan yi a filin da aka gwabza shi a kudancin Ingila, sun fi tsanantawa, domin suna da abin dubawa. Ƙyallen Bayeux, wanda tsawonsa ya kusa mita 70, aka kuma yi masa aikin zare shekaru kaɗan bayan yaƙin, cike yake da garkuwoyi da masu da gatura da 'yan baka, amma ba a ga mai takubba biyu a ciki ba. Akwai kuma masu nazarin tsofaffin littattafan da muka ambata, waɗanda ke gwada darussan da takubban ƙarfe marasa kaifi da abin rufe fuska. Babbar matsalar da suke yaƙi da ita ita ce saran juna a lokaci guda, wato kowa ya sami ɗan'uwansa. A wasa, maki ne ya tafi. A zamanin di Grassi, gawa biyu ke nan.

Mu ma muna da namu irin wannan. Hawan Sallah na Kano, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2024, raya tarihin barade ne, da lifidinsa da sulkensa da jafinsa. Amma ba mu taɓa ɗaukar abin da ɗan tauri ke yi da wuƙaƙensa a gaban makaɗa a matsayin yadda aka yi yaƙi ba. Mun san wasa, mun san fama.

Lissafin Kan Tebur

A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan Dungeons & Dragons a Amurka. Yadda ake yin sa shi ne, mutum ɗaya ya zama mai ba da labari, sauran kowa da jaruminsa a rubuce a takarda, idan aka zo faɗa sai a jefa ɗan ludo mai fuska 20 don a ga ko sara ya shiga. A littafin dokoki na 1979 an yi wa takubba biyu ƙaimi: makamin hagu dole ya zama wuƙa ko ɗan gatari, sa'an nan a rage wa hannun dama maki 2, na hagu maki 4, sai fa jarumi mai zafin nama ƙwarai da ake yi wa sassauci. Wannan bai yi nisa da abin da tarihi ya nuna ba.

Kuskuren yana wajen garkuwa. A dokokin wancan lokaci, garkuwa maki 1 tak take ƙara wa tsaron jarumi, wato cikin sara 20 da aka kawo masa, guda ɗaya kawai take ƙara karewa. Makami na biyu kuwa yana ba shi ƙarin sara a kowane zagaye. Ɗan wasa ba wawa ba ne, lissafi zai yi. Abin da kakanni suka riƙe da muhimmanci fiye da kome, an sayar da shi a kan tebur da arha.

Daga nan sai adabi ya shigo. A 1988 R. A. Salvatore ya fitar da labarin da ya gabatar da Drizzt, jarumi mai lanƙwasassun takubba biyu, wanda ya yi farin jini matuƙa. A bugu na biyu na dokokin wasan, cikin 1989, an ba rukunin jaruman daji damar faɗa da makamai biyu ba tare da ragin maki ba, muddin sulkensu mara nauyi ne. Bugu na uku a shekarar 2000 ya sa ragi mai tsanani, 6 a dama 10 a hagu, amma wanda ya nemi horo ya kuma riƙe ƙaramin makami a hagu zai iya sauko da shi zuwa 2 da 2. Bugu na biyar a 2014 ya ce makaman biyu su zama marasa nauyi, ya kuma ba garkuwa maki 2. Wasannin kwamfuta sun gaji wannan al'ada, ko da yake wasu sun yi adalci. A wasan Skyrim na 2011, wanda ya cika hannuwansa da makamai biyu ba ya iya tare sara sam. Geralt kuwa, jarumin marubucin nan na Folan, Andrzej Sapkowski, takubba biyu gare shi, na ƙarfe da na azurfa, amma ɗaya yake zarewa gwargwadon abin da ya tarar.

Ba muna zargin masu wasa ba ne. Wasa don nishaɗi aka yi shi, kuma wanda ya yarda da dodo mai aman wuta ba zai tsaya gardamar nauyin takobi ba. Abin da ke damun mu shi ne, yara da yawa yanzu ba su da wani malamin tarihin yaƙi sai fim da wasa, kuma daga cikinsu ne marubutan gobe za su fito. Ɗan ludo ba ya gajiya, ba ya tsoron kibiya, ba ya da yatsun da za a sare. Wanda ya koyi yaƙi a wurinsa zai rubuta jarumin da ba shi da abin tsoro, irin wannan jarumi kuwa mai karatu ba ya fargaba dominsa.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga takubba biyu a dandalin Rum, da makarantun Bolonya, da kogon Musashi, da littafin sojan Koriya. A ko'ina, ko dai gwani ne da ya ba abin shekaru, ko wurin ba kibiya ba sahu, ko kuma makami na biyun gajere ne mai aikin tsaro. Mun kuma ga cewa yawaitar salon a wasannin zamani daga dokokin wasa ta taso: an hana dukan hannu, an rage nauyin takobi, an karya farashin garkuwa.

Saboda haka, marubucin da ke son ba gwarzonsa takubba biyu ba wanda ya hana shi, amma ya biya kuɗinsu. Ya nuna mana cewa garkuwar ta tsage ne, ko an rutsa shi a zaure inda mashi ba ya juyuwa, ko kuwa bahago ne da ya shekara goma yana horar da damansa. Ya bar mu mu ji tsoron ɗan bakan da ke kan katanga, mu ga yadda yake ɓoye yatsunsa, mu ji kafaɗarsa ta fara sanyi. Hausawa sun ce ba a haɗa taura biyu a baki. Tarihi ya nuna akwai 'yan ƙalilan da suka haɗa suka kuma tauna, shi ya sa har yau ake kiran sunayensu.